Mai Reza da Littafin Baba

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin karatu na unguwarmu, ban taɓa ganin wanda ya shigo mana da reza ba sai wata Talata. Dogo ne siriri, da jaka a hammata da takardar umarni daga ofishin tace littattafai. Tun ranar muka sa masa Mai Reza. Aikinsa ya duba jerin da aka ba shi, ya nemo littafi, ya buɗe lambar shafi, ya yanke. Ya iya yanka kam, ba zan ci haƙƙinsa ba.

A cikin jerin har da littafin da mahaifina yake karantawa. Baba tela ne, shekara arba'in yana kan keke kafin idanunsa su gaji. Likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa ganin da ya rage masa na 'yan watanni ne, shi kuma ya ƙudura sai ya gama littafin nan da idonsa. Kullum da rana yakan zauna gindin taga da gilashin ƙara girman rubutu, ya ci shafi biyu. Labarin wani tela ne da ya ɗinka wa wani babban mutum wando, wandon ya zame ana tsakiyar jawabi a gaban jama'a, aka kama telan. Baba ya kai daidai inda za a shiga kotu.

Ranar Talatar yana asibiti. Washegari ya buɗe littafi ya tarar daga shafi na 189 sai bango. Ya tashi da sandarsa ya nufi Mai Reza, wanda ya dawo ƙarasa aiki.

"Ɗana, kai ka yanke wannan?"

"Ni ne, Baba. Umarni ne."

"To me ka gani a ciki da ya isa yanka?"

"Ai ni ba na karantawa, Baba. Akwai masu karantawa a sama. Yanka ne nawa."

"Su na saman sun karanta?"

"Su ma akwai na samansu."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na tuna ni ma ban taɓa karanta littafin ba, ga shi shekara goma sha ɗaya ina kakkaɓe masa ƙura. Na haɗiye maganata na ce ya nuna mini jerin. An rubuta a cire daga shafi na 190 zuwa na 230, saboda cin mutuncin manya.

"Namu a 214 ya ƙare," na ce. "Sauran sha shidan fa?"

"Na rubuta a rahoto cewa an riga an cire su, Malama."

Baba ya ce shi dai ya san wandon tun tuni ya zame, wajen shafi na ɗari da talatin, kuma shafin yana nan ba abin da ya same shi. Nan na gane abin da ya faru. Na ofishinsu sabon bugu ne mai manyan baƙi, namu kuwa tsoho ne mai ƙananan baƙi kamar tururuwa, lambobin shafinsu ba ɗaya ba ne. Bawan Allah ya yanke ƙarshen labari, ya bar babban mutum tsaye ba wando.

Gumi ya karyo masa. Ya ce ɗakin karatu bakwai ya yi wa haka.

Shafukan suna cikin jakarsa a ambulan, bai kai ofis ba tukuna. Baba ya karɓa, ya zaro allura daga aljihu, ya sa na zura masa zare. Ba ya ganin abin da yake yi, amma yatsunsa sun sani. Kafin a tashi aiki ya ɗinke su tsaf, ɗinkin ya fi na kamfani.

Saura cire wandon, kuma ba lambar shafi. Dole Mai Reza ya karanta ya nemo da kansa. Suka raba lokaci, shi da safe, Baba da rana. Rana ta uku na ji wata dariya daga lungun taga har mutane suna waiwaye. Da na leƙa sai Mai Reza ya murtuke fuska ya ce bincike yake yi. Binciken nan ya wuce wando ya ci gaba, reza tana jaka.

Saura shafi huɗu Baba ya gama, ya zauna gindin taga ya goge gilashinsa, ya sake gogewa, ya ce in kunna fitila. Fitilar a kunne take. Na koma bayan kanta na yi kukana, don na san abin da shafi huɗun nan suke a wurinsa.

Da na dawo Mai Reza ya ja kujera yana karanta masa a hankali, yatsa a kan layi. Alƙali ya saki telan, ya ce babban mutum ne ya ƙi tsayawa a gwada shi.

"Na san haka za a yi," in ji Baba. "Ba telan kirki da zai ɗinka wando ba awo, sai an tilasta masa." Ya miƙa hannu ya shafa ɗinkinsa a bayan littafin. "To ɗana, na gama. Yanke abinka."

Mai Reza ya sosa ƙeya. "Baba, kullum in na koma gida sai na ba matata labarin inda na tsaya. Ta ce in na taɓa shi kafin ta karanta da idonta, kada in dawo mata gida." Ya juyo gare ni. "Malama, yaya ake yin katin aro?"

Na ba shi sati biyu, na buga hatimi. Sau tara ke nan yana zuwa sabuntawa, yanzu littafin yana hannun surukarsa.