Aladen Waliyyi Ya Ƙi Saukowa

Duk aladen da ke gidan ceton dabbobin nan na kan tudu yana da labarinsa, ni kuwa da nake zuba musu abinci na haddace su kaf. Waccan mai yankakken kunne daga babbar mota ta faɗo a hanyar mayanka. Wancan ƙaton mai munshari wasu 'yan birni ne suka saye shi yana ɗan mitsitsi, an ce musu ba ya girma, sai da ya cika musu falo suka kawo wa Nuriya, mai gidan. Amma in baƙo ya tambayi mai ƙararrawa a wuya, nan nake ajiye bokiti in gyara tsayuwa, don labarinsa nawa ne.

A ƙauyenmu, nan yammacin ƙasar Sifen, kowace bazara ana kai ɗan alade ƙofar coci, fada, wato limamin cocin, ya sa masa albarka da sunan Waliyyi Anton mai kula da dabbobi, a rataya masa ƙararrawa a sake shi. Ƙofar da ya tsaya a ciyar da shi. Ba a dukansa, ba a sa masa igiya, ba a rufe masa ƙofa. Ran bikin waliyyi a watan Janairu sai ya tako da ƙafarsa zuwa dandali a yi ƙuri'a a kansa. Wanda ya ci ƙuri'ar kuwa kowa ya san inda zai kai shi, wato shagon Baldomero mahauci, ƙanen mijina marigayi.

Na taɓa kiwon wata aladiya, Paloma. Uwarta ta kwanta a kan 'yan'uwanta, ita kaɗai ta tsira, na raine ta da kwalbar jarirai a gindin murhu. Allah bai ba mu haihuwa ba ni da mijina, kuma kowa ya san Paloma ba ta yanka ba ce. Shekarar da mijin nawa ya rasu aka kwantar da ni asibiti aka yi mini aiki a ƙugu, na bar wa Baldomero makulli ya riƙa zuba mata abinci. Ran da aka sallame ni ya shirya mini liyafa a gidansa, dangi sun cika tebur. Aka zubo mini nama ɗure cikin hanji, ya sha jan barkono da tafarnuwa. Na ci, na ƙara. Sai ya jingina da kujera yana sakace.

"Da daɗi ko, matar yaya? Kiwonki ne ai."

Aka bushe da dariya. Wai taimakona ya yi, ina gwauruwa mai ɗingishi ina kiwo. Ban yi kuka a gabansu ba. Na koma gida na yi ta amai har ɗinkina ya ɗauki zafi. Daga ranar na tsane shi, tsanar da ba ta gaggawa. Shekara da shekaru ina gaishe shi a bakin coci, har da tambayar lafiyar iyali.

Sai ga shekarar da aka ba shi shugabancin biki, girman da ya daɗe yana wa kwaɗayi. Ya bi gari yana cika baki, wai ba a taɓa ganin aladen waliyyi irin na bana ba. Kullum yana ɗura masa masara da dankali, yana shafa bayansa kamar mai auna yadi. Ni kuma na fara aiki wurin Nuriya ke nan. Na cika aljihu da busasshen ɓaure. Na fara ba aladen a ƙofar gidana, sannan a bakin famfo, sannan a gindin gada, ina yi masa irin fiton da nake wa Paloma. Kafin sanyi ya kankama mun kai rabin tudu. Ba wanda ya kula. Tsohuwa tana ciyar da aladen waliyyi, ai lada take nema.

Ana gobe biki, da hantsi, muka shigo ta ƙofar nan. Ya tarar da taɓo da tulin ciyawa, ga kuma mai yankakken kunne tana kallonsa. Ya kwanta ya miƙe ƙafa abinsa. Nuriya ta tsorata ta ce mu sa sakata, na ce ko kusa. Na ɗauko dutse na tokare ƙofar a wangale.

Washegari gari duka ya hauro, da mai ganga da sarewa, fada a baya yana haki. Baldomero na gaba cikin baƙar alkyabbar biki, sandar shugabanci a hannu ɗaya, igiya a ɗayan. Fada ya dubi ƙofa a buɗe, ya dubi igiyar, ya ce shi bai ga dokar da aka karya ba tukuna. In alade ya taso da ƙafarsa sai a tafi, igiya dai a ajiye ta.

Aka miƙa wa Baldomero bokitin masara. Ya girgiza, ya kira, ya yi tsaki. Ƙarshe ya durƙusa cikin taɓo da alkyabbarsa yana lallashi, yana ce wa alade ɗan albarka. Alade ya buɗe ido ɗaya ya mayar ya rufe. Mata suka fara toshe baki da gyale, can suka daina toshewa. Daɗi ya cika ni har kunne. Niyyata in bar shi ya sha kunya zuwa rana tsaka, sannan in yi fito ɗaya aladen ya biyo ni dandali. Na matsa na tsaya a kan Baldomero.

"Da daɗi ko, ƙanen miji? Kiwonka ne ai."

Ya ɗago, taɓo har haɓa. "Wai ni me na tsare miki ne, Eufemiya?"

"Aladiyata."

"Wace aladiya kuma?"

Na dubi idonsa, ba wasa yake ba. Abin da nake kwana da shi nake tashi da shi, shi ya manta sarai. Sai na zazzage aljihuna, na zube ɓauren duka a gaban aladen. Na ce wa Baldomero, kowa na ji, ran da ya faɗi sunanta zan yi fito.

Waliyyi ba ya alade biyu, don haka tun shekarar ba a saki wani ba, ba a kuma sake yin ƙuri'a ba. Dangin da suka yi dariya a teburin nan sun tuna wa Baldomero abin da ya yi, amma sunan ba wanda ya riƙe. Ko ya canka ma ba zan yi fiton ba, wannan kuwa tsakanina da ku ne.

Duk Janairu yana haurowa da bokitinsa. Ya tsufa yanzu, sai ya huta a gindin gada. Ƙofa na nan a buɗe, dutsen ma shi ne. Ina barinsa ya gama kiran alade, sannan in tambaye shi sunan. Bara ya ce Pilar. Bana ya daɗe yana murza hula, ya ce Pastora. Na ce ya gaida gida.