Kejin Ƙarfe a Motar Munir

Malam Balarabe ya daɗe yana tuƙin babbar mota kafin ciwon baya ya zaunar da shi a Ƙafin Maiyaki. Abin da idonsa ya gani a hanyar Jos ba ya son tunawa. Shi ya sa ranar da ɗansa Munir ya shigo da wata tsohuwar jar mota, irin wadda ake naɗe rufinta a bar sama buɗe, ko barka bai yi masa ba. Ya san wasan mota za a yi da ita.

Ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya sa Inna Tasalla, mahaifiyar yaron, ta roƙe shi. Munir ba ya musu. Sai ya durƙusa ya ce to, amma da Asabar ta zo ana jin kukan tayarsa a wani fili da samari ke taruwa bayan Tudun Wada.

Wata safiya Malam Balarabe ya tsaya yana kallon motar. Ya dafa gilashin gaba ya girgiza, ya ga idan ta kife babu abin da zai tare ƙasa sai wuyan ɗansa. Ya kira Munir ya ce ya ɗauko makulli.

Wurin Zailani mai walda suka je. Munir ya ɗauka sayar da ita za a yi, har idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ji mahaifinsa yana bayanin keji: baka ɗaya na bututun ƙarfe mai kauri a bayan kujeru, da tokare biyu su gangara baya, wasu kuma su bi gefen ƙofofi. Ya ce kada a liƙa a jikin gwangwanin motar, a shimfiɗa ƙarfe mai faɗi a ƙasa tukuna, domin ya taɓa ganin bututu ya huda daben mota kamar tsinke.

Munir ya yi ƙorafin cewa za a ɓata mata kyau, kuma rufin ba zai ƙara rufuwa ba.

“Na hana ka, ba ka hanu ba,” in ji mahaifinsa. “To bar ni in yi abin da zan iya.”



Aikin bai zo da sauƙi ba. Bututun farko ya lotse wajen lanƙwasawa, sai da Zailani ya cika wani da yashi kafin ya lanƙwasu lafiya. Da aka ɗora, aka sa Munir ya zauna da hular kwano, sai ga kansa ya zarce ƙarfen, don dogo ne kamar kakansa. Dole aka kwance kujera aka rage mata tsawo. Malam Balarabe yana kan benci da sandarsa, kullum shi ne farkon zuwa. A hankali Munir ya fara zama kusa da shi, yana tambayarsa yadda ake riƙe mota idan bayanta ya zame. Tsohon ya ajiye sanda ya kwatanta masa da hannu.

Da aka gama, Munir ya shafa wa kejin baƙin fenti, ya roƙi mahaifinsa ya zo fili ranar Asabar. Malam Balarabe ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Bai je ba. Ya zauna a ƙofar gida har la'asar, bai iya cin tuwon rana ba. Da ya hango jar motar ta karyo kwana, ta yi buɗu-buɗu da jar ƙasa, sai ya miƙe ya leƙa cikin gida ya ce wa Inna Tasalla ta ɗumama miya, yaronta ya dawo.