Ruwa Har Kafaɗa

Ranar da suka shigar da kujeru, Frosini ta faɗa wa mijinta abin da ta ɓoye masa shekara talatin da takwas.

Suna ɗaure ƙafafun tebura ne da igiya a barandar gidan abincinsu da ke tsibirin Sifnos. Baƙi sun watse tun makon jiya, sai kyanwoyi ke zagaye suna neman mai jefa musu kan kifi. Wani maƙwabci ya zo wucewa a kan babur, ya rage gudu, ya jefo tambayar da kowa ke yi wa kowa idan bazara ta juya baya: wanka nawa aka yi a teku bana? Zannis ya ce arba'in da ɗaya. Frosini ta ce goma sha biyu, kamar yadda ta ce bara. Da ƙarar babur ta yi nisa, sai ta zauna a kan kujerar da ta rage.

"Zannis, ko ɗaya ban yi ba."

"Bana?"

"Tun da aka haife ni."

Ya tsaya da igiya a hannu. Ta gaya masa ba tare da ta dube shi ba. Ubanta masunci ne da bai iya iyo ba, kamar yawancin masuntan zamaninsa. Teku wurin aiki ne a gunsa, kuma duk ɗan da ya bari ruwa ya wuce masa gwiwa sai ya sha bulala. Ta girma, tsoron ya girma tare da ita. Duk safiyar da ta ɗauki tawul ta zagaya bayan duwatsu, zama take yi ta jiƙa ƙafa, ta shafa ruwa a gashi, ta dawo ta hura wuta.

"Ni kuwa ina ta cika baki wai matata ba ta son wankan cunkoso," in ji Zannis.

Bai yi dariya ba, ta kuma ga irin wahalar da ya sha wajen danne ta. Ya shiga ciki ya fito da tabarau da jadawalin jiragen ruwa, ya kwance tebur ɗaya ya shimfiɗa takardar.

Sharaɗinta guda ne: ba a nan ba. 'Yar masunci mai shekara sittin da uku, a gan ta ana riƙe mata hannu a ruwa, kafin la'asar labarin ya kai ƙauyen ƙarshe. Zannis ya ɗora yatsa a kan Milos, ta ce ƙanwarsa na can. Ya matsa Naksos, ta ce mai kawo musu cuku. Ya matsa Faros, ta ce matar da ta riƙe musu kambin aure a coci, wadda bakinta ya fi rediyo. Duk tsibirin da yatsa ya taɓa akwai ido a kansa. Sai can a gefen takarda, inda ta fara yagewa, suka sami Anafi. Jirage sun koma tsarin hunturu, na shiga ranar Litinin, na fita ranar Alhamis. Kwana uku ke nan, ba ƙari.

Suka ce wa maƙwabta ziyarar ibada za su je, sai ga su a tashar jirgi da jaka cike da kyandirorin da maƙwabtan suka ba su da sunayen mutanen da za a yi wa addu'a.

A Anafi sun tarar da 'yan kwanakin nan na ƙarshen Oktoba da ake kira ƙaramar bazarar waliyyi Dimitiri. Iska ta kwanta, rana ta yi laushi, teku na riƙe da ɗumin wata huɗu. Mai masaukinsu, Kira Maruso, wato uwargida Maruso, wata guntuwar mace mai faɗin dariya, ta miƙa musu makullai takwas ta ce su zaɓi ɗakin da suke so, ko su riƙa kwana a kowanne bi da bi. Gidan abinci ɗaya ne a buɗe, ba a kuma tambayar mutum abin da zai ci, abin da masu gida suka dafa shi ake sa wa a gaba. Frosini ba ta taɓa zama an kawo mata abinci ba. Kafin ta ankara ta tattara faranti ta nufi kicin da su, sai da Zannis ya jawo ta ta gefen riga.

"Zauna, tsohuwa. Yau ke ce mai ƙorafin gishiri."

Ranar Talata da hantsi suka sauka bakin ruwa. Ba kowa, daga yashi sai inuwar itatuwa biyu. Ta cire zanen da ta rufa a kan sabuwar rigar wankanta, ta ba shi hannu. Ruwan ya sha idon sawu, ya hau ƙwauri. Da ya taɓa gwiwa sai ƙafafunta suka kafe kamar an dasa su. Zannis ya lallashe ta, ya yi bayani, ya kwanta a ruwa don ya nuna mata yadda teku ke ɗaukar mutum, ya shaƙi ruwa ya tashi yana tari. Ta yi dariya har da hawaye, amma ba ta ƙara taku ɗaya ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya sai ga mata uku suna gangarowa, kowacce da malafa. Maruso ce a gaba, sai wata doguwar tsohuwa mai suna Anezina, sai ƙanwarta. Duk bazara suna gyaran ɗakuna da wankin zannuwan baƙi, nasu ƙirgen sai a Oktoba yake farawa. Suka kutsa ruwa ba tare da sun katse hirarsu ba, har ya kai musu wuya, suka yi da'ira. Daga nesa malafu uku kawai ake gani suna gulma. Frosini ta koma kan yashi ta zauna tana murza gwiwa, don a ce ciwo ne.

Ranar Laraba ma a gwiwa aka tsaya. Zannis ya gaji da magana ya koma ƙarƙashin itace yana ɓare rumman. Matan suka iso, amma yau ba su wuce ta ba. Anezina ta tsaya kusa da ita tana gyara igiyar malafa, ta tambaye ta daga ina. Da ta ji Sifnos sai ta tafa hannu.

"Garin masu waken rebiti. Ai ni ma Lahadin nan na dafa irin naku, baiwar Allah. Minti arba'in a tukunyar zamani mai fito, ya nuna luguf."

"Tukunya mai fito?"

"Da ruwan famfo. Na kuma zuba tumatirin gwangwani, don ya yi kyan gani."

Ta faɗi haka tana kutsawa cikin ruwa, ta ba Frosini baya. Frosini ba mai yawan magana ba ce, ta yi shekara da shekaru tana jin shirmen baƙi ba ta tanka ba. Amma wannan ya wuce shirme. Ta ce a tukunyar ƙasa ake yi. Anezina ta kara hannu a kunne ta ce ruwa na hana ta ji. Frosini ta matsa, ta ce da ruwan sama ake jiƙa waken, wanda aka tara, don ruwan famfo yana sa shi taurin kai. Ƙanwar Anezina ta ce ruwa ai ruwa ne. Frosini ta ƙara matsawa. Ta ce albasa da man zaitun kaɗai, a liƙe murfi da kwaɓin fulawa, a kai tanderun mai burodi ranar Asabar, a ɗauko ranar Lahadi bayan an fito coci. Maruso ta ce ita kam ta ji wasu na sa karas.

"Wanda ya sa karas, Allah ya shirye shi," in ji Frosini, tana kaɗa yatsa a fuskar Anezina. "Tumatir kuwa, Kira Anezina, ki bar shi a salak inda aka san shi."

Yatsan ne ya fantsama mata ruwa a ido. Ta duba. Ba ta ga hannunta ba sai daga wuyan hannu, sauran jikinta na can ƙasa, kore-kore, yana rawa. Teku na lasar kafaɗunta. Nan take biyu daga cikin matan suka kama gwiwoyin hannunta, ɗaya ta kowane gefe, suka riƙe ta, suka juya da ita a hankali zuwa gaɓa.

Zannis ya taho da gudu, 'ya'yan rumman na zuba daga rigarsa. Ya lulluɓe ta da tawul yana cewa ɗaya, an yi ɗaya, shi ne shaida. Maruso kuwa ta riƙe ciki don dariya, ta ce uwar Anezina 'yar Sifnos ce, kuma da Anezina za ta sa tumatir a wake da tsohuwar ta taso daga kabari da muciya. Tun jiya suka gane ba ciwon gwiwa ba ne, don mai ciwon gwiwa ba ya kallon ruwa haka.

Frosini ta zauna har haƙoranta suka daina kaɗawa. Sannan ta ce wannan bai shiga ƙirge ba.

"Kafaɗa ta jiƙe, ai shi ke nan doka," in ji Maruso.

"Fushina ne ya shiga, ni bin sa na yi. Na shekara talatin da takwas ina faɗin ƙarya, ba zan fara gaskiya da rabi ba."

Da yamma suka hau gari suka kunna kyandirorin mutane ɗaya bayan ɗaya, suka ci soyayyen kifi a kan dakalin Maruso, Anezina ta kawo zuma mai ƙamshin ganyen dutse. Zannis ya ba su labarin tarinsa na ranar Talata, yana ƙara masa gishiri, har ƙanwar Anezina ta ƙware.

Ranar Alhamis jirgi zai tashi ƙarfe biyu. Iska ta fara motsi, fuskar teku ta ɗan yamutse. Frosini ta ce wa Zannis ya tsaya a kan yashi, ta ce wa matan su shiga su jira ta, kuma kada wadda ta buɗe baki. Anezina ta ce an ɗora mata abin da ya fi azumin kwana arba'in.

Ta shiga. A gwiwa ƙafafun suka tsaya inda suka saba. Ta ji ruwan na turo ta yana janyewa, kamar dabba mai shinshina baƙo. Ta daɗe a nan. Malafu uku na can sun yi tsit. Sai ta ja ƙafar dama a kan yashin ƙasa, ta dire, ta jawo ta hagu. Sanyi ya kama cinya, ya hau ciki, ta ja numfashi ta saki. Wata 'yar igiyar ruwa ta ɗaga ta kaɗan ta ajiye, ba ta faɗi ba. Da ruwan ya rufe kafaɗunta sai ta juya, ta ga tsibiri daga inda ba ta taɓa ganin wani tsibiri ba: fararen gidaje can sama, itatuwa biyu, da wani ɗan ƙaramin tsoho rungume da tawul. Ta ɗaga masa yatsa ɗaya.

"Mu yi magana yanzu?" in ji Anezina. "Bakina ya yi tsami."

Frosini ta gyaɗa kai, ta juya ga Maruso.

"Kira Maruso, idan mutum ya fita ya bushe, ya sake shigowa, biyu ake ƙirgawa?"

Maruso ta ce sai in ya ci wani abu a tsakani. Anezina ta ce wannan dokar malalata ce, sai an canja rigar wanka. Ƙanwarta ta ce a gidansu ba haka aka koya musu ba. Gardama ta kaure, malafu suka haɗa kai. Frosini ta bar su a nan, ta nufi gaɓa tana tambayar Zannis ko akwai sauran burodi a jaka.