Haƙorin da Ya Hana Brada Kelemedi Tafiya

Brada Kelemedi ba shi da wani aibi sai mita. Tun yana da suma yake koyar da lissafi a makarantar kwana ta maza da ke wani tsibiri, yanzu kuwa yara cewa suke ana iya gyara kwalar riga a sanƙonsa. Shi ba Fada ba ne, malamin coci ne da ya yi wa Allah alkawari uku: ba aure, ba dukiya, ba gardama. Na ukun ne ke ba shi wuya.

Bana shugaban ƙungiyarsu ya sallame shi, ya ce ya koma Suva, babban birni, ya huta a gidan tsofaffin malamai. Ya ɗaure akwati, ya rabar da tsofaffin takalma, ya gaya wa kowa, har aladun makaranta, cewa shi da rogo da kifin gwangwani sai a lahira.

Ranar da jirgin ruwa zai tashi, sai ga dattawan ƙauye sun cika tabarmar ƙofarsa, sarkinsu Ratu Manasa a gaba. Tsohon ya zaro tabua, wato haƙorin giwar teku mai igiyar ɓawon kwakwa, wanda ake miƙawa in za a yi babban roƙo. Wanda ya karɓa ya amsa roƙo ke nan tun kafin a faɗa, kuma ba ɗan mutunci da zai bar hannun dattijo a miƙe.

"Haƙorin ɗan ƙarami ne, Brada, ka yi haƙuri," in ji Ratu. "Shekara ɗaya tak za ka ƙara mana."

"Ranka ya daɗe, haka ka ce wancan karon, lokacin kana da haƙoranka."

"Ai shi ya sa na zo da na kifi."

Dattawa suka tuntsire da dariya. Brada bai yi ba.

"To a Suva wa za ka yi wa tsawa?" in ji Ratu. "Tsofaffi irinka ne fa, rabinsu ba sa ji."

Jirgi ya yi kuka a bakin gaɓa. Brada ya dubi akwatinsa, ya dubi hannun tsohon da ke miƙe har yanzu. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Aka tafa.

Washegari ya shiga aji yana ƙunƙuni, wai an ɗaure shi da igiyar kwakwa kamar akuya, wai mutum ba shi da ikon kansa a garin nan. Yara suka ba shi haƙuri, ya ba su aikin gida.

Ƙauyen dai ba su da tabua ko ɗaya tun da suka ba da na ƙarshe a bikin ɗan Ratu. Wannan ɗin, Brada ne da kansa ya ara musu ranar Talata.