Meni Tara na Tarayyar Manoman Rake

Daga Damagaram har bakin iyaka babu ƙungiyar da ta shiga zamani kamar Tarayyar Manoman Rake ta Matameye. Haka shugabanta, Alhaji Zainulabidin, ya faɗa ranar da aka buɗe sit ɗin tarayyar na intanet, kuma babu wanda ya musa, don lokacin an fara raba lemo.

Wanda ya gina sit ɗin shi ne Munkaila, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ake kira Injiniya tun daga ranar da ya dawo daga Yamai da jakar ordinata, wato kwamfuta, a kafaɗa. A zauren taro ya haska aikinsa a bango, ya latsa nan ya latsa can, komai ya buɗe, aka yi tafi.

Amatullahi tana bayan zaure tana tattara kwalabe. Ita ce mai istaj, wato koyon aiki, a buron tarayyar, ta karanta ilimin ordinata shekara uku a jami'a, shi ya sa aka ba ta aikin kwafin takardu da dafa shayi. Wata shida ke nan tana wannan, ranar Juma'a mai zuwa kuma kwamitin mutum tara zai zauna ya yanke ko a ɗauke ta aiki na dindindin ko a sallame ta da takardar godiya. A Matameye wuraren da ke neman irin karatunta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma sauran duk da 'ya'yan ƙannen wasu a kansu.

Dalilin gina sit ɗin ma ba zamani ba ne. Wani furoje ne na masu tallafa wa manoma ya ce zai ba manoman tarayyar famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, da sharaɗin kowa ya yi rajista ta sit kafin azahar ɗin Alhamis. Rabin mazan Kurni da Dawce kuwa suna ci-rani a Kano da Katsina, ta waya kawai za su iya.

Ranar Litinin mutum huɗu ne suka yi rajista, dukkansu a kan ordinatar Munkaila.

Alhaji ya leƙo buro, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Injiniya, mutanen furoje sun kira ni. Wai huɗu?"

"Rezo ne, Kawu," in ji Munkaila. "Ka san ƙauye, waya ba ta kamawa. Ga shi nan a wurina yana buɗewa kamar ƙofar masallaci." Ya latsa, ya buɗe.

"To ai shi ke nan. Ke 'yata, duba masa ko akwai ɗan abin da ya kuɓuce. Amma kada ki taɓa tsarin."

Munkaila ya tura mata ordinatar da yatsa ɗaya, ya fita cin tsire.

Abin da ya kuɓuce bai ɗauke ta minti goma ba. A meni, wato jerin sunayen shafuffukan da mutum ke latsawa ya shiga, akwai layin da aka rubuta Rajista. Liyan ɗin da ke ƙarƙashinsa, wato mahaɗin da ke kai mutum shafin, maimakon ya nuna adireshin sit ɗin, sai ya nuna 127.0.0.1. Wannan lamba ita ce sunan da kowace na'ura a duniya ke kiran kanta da shi, ma'anarta kawai "nan gidana". A ordinatar Munkaila gidan na nan da shafin a ciki. Amma in manomi a Kano ya latsa, sai wayarsa ta shiga laluben cikinta tana neman famfon Matameye.

Ta gyara layin, ta gwada a wayarta, ya ƙi. Ta sake dubawa, sai ta ga wani fayil mai kama da na farko, da wani, da wani. Guda tara.

Ta jingina da kujera, tana kallon fankar da ta kawo daga gida tana juyawa.

Duk wanda ya yi wata ɗaya a wannan karatu ya san meni sau ɗaya ake rubuta shi, a cikin gabari, wato uwar shafin da sauran ke ɗaukar siffa daga gare ta kamar yadda bulo ke fitowa daga abin buga shi. Ka gyara a wuri ɗaya, ko'ina ya gyaru. Munkaila ma ya san haka. Abin da ya fi sani shi ne kwamitinsa.

Mutum taran nan ba su taɓa shiga ɗaki ɗaya ba tare da an yi minti biyar a bakin ƙofa ana "bismillah, Alhaji", "a'a, kai ne gaba, Alhaji" ba, kowa kuma yana ƙirga wanda bai ce masa haka ba. A wurin suna ko walima an san wanda ake fara gaisarwa, an san wanda ake fara ajiye wa kwano. Da aka ce kowannensu zai sami shafinsa a meni, kowa ya ja Munkaila gefe ya tambaye shi a hankali sunan wa zai zo a sama. Munkaila ya ce wa kowa, "Naka mana, Alhaji." Kuma bai yi ƙarya ba. Ya kwafi sit ɗin sau tara, kowane kwafi da mai shi a layin farko, ya aika wa kowa adireshinsa. Kowane Alhaji ya watsa nasa ga mutanen ƙauyensa, yana jin daɗin cewa a ƙarshe an gane gaskiya. A duk kwafi taran abu ɗaya ne bai sauya wuri ba: Rajista, layi na goma, can ƙasa.

Amatullahi ta gyara liyan ɗin sau tara, ba ta taɓa tsarin ba. Talata da yamma mutum goma sha tara.

Laraba da hantsi wata mata ta yi sallama, mayafinta duk ƙurar babur. Basira ce daga Dawce, mijinta Illa yana tura baro a kasuwar Kano, garkar rakensu kuma ita ke ja mata ruwa da guga.

"Ƙanwata, ke ce mai na'urar?"

"Ni ce mai shayi, amma zauna."

Basira ta miƙa mata wata ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi. "Maigida ya ce in zo in ji. Shi ya gwada, ni na gwada. An ce a latsa, na latsa na sama, sai ga Alhaji Gambo da babbar riga yana fitowa a hankali, daga hula zuwa gemu. Kafin ya kai ciki kiredina ya ƙare. Na sake sawa, na latsa na biyu, wani Alhajin ne. Ni fa famfo nake nema, duk na san fuskokinsu."

Amatullahi ta karɓi wayar. Alhaji Gambo shi ne mataimakin shugaba, kuma muƙaminsa kaɗai, yadda ya sa aka rubuta shi, ya ci layi uku a wannan ɗan gilashi. Mutum huɗu suka cika fuskar wayar. Rajista tana can ƙasa inda ba mai zaton akwai sauran wani abu, kuma kowane hoton da ke hanya nauyinsa ya isa ya cinye kiredin yini.

Ta yi wa Illa rajista da hannunta, ta raka Basira ƙofa. Sannan ta nufi shagon Alhaji Zainulabidin da ke bakin kasuwa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Alhaji, mutane ba sa ganin wurin rajistar. Ina so in ɗaga shi sama, na kwana ɗaya kawai."

"Sama da wa?"

"Sama da kowa, Alhaji."

Ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake wa wanda karatu ya ɓata. "'Yata, a gidanku in an yi baƙi, tabarma ake fara gaisarwa ko mutane? Manomi ya shigo ya gaida shugabanninsa, sannan ya nemi abin da ya kawo shi. Tarbiyya ke nan. Injiniya ya ce rezo ne."

"Gobe da azahar za a rufe."

"Jibi kuma kwamiti zai zauna," in ji shi, ya juya ga mai sayen suga.

Ba barazana ba ce. Alhaji ba ya barazana, yana tuna wa mutum kalanda ne kawai.

Ta koma buro. Munkaila ya tafi Kance ɗaurin aure, ya bar ordinatar a buɗe, don bai taɓa tunanin akwai abin da wani zai iya yi da ita ba. Ta yi sallar azahar, ta zauna. Ta lissafa cewa in ta ɗaga layin a kwafi tara ɗaya bayan ɗaya, Munkaila zai dawo ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, yana murmushi. Don haka ta yi abin da aka koya mata. Ta rubuta gabari guda, da meni mai layi uku: Rajista, Labarai, Shugabanni. Ta sa adireshi taran nan duk su riƙa ɗauko shafinsu daga gare shi, ta rage hotunan har suka zama kamar na katin ɗan ƙasa, ta tara su a shafi ɗaya. Ba ta faɗa wa na'urar wanda ya fi wani girma ba, na'urar kuwa ba ta tambaya ba, ta jera su bisa harafin farko na suna. Abdulrazak, autan kwamiti wanda ko Makka bai je ba, ya hau sama. Zainulabidin ya sauka ƙasa.

Ta gani. Ta ɗora yatsa za ta gyara, sai ta tambayi kanta wa za ta sa na biyu, wa za ta sa na uku, ta tuna cewa tarayyar ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta amsa wannan tambaya ba. Ta bar shi.

Kafin la'asar mutum sittin sun shiga. Wani ya yi saƙon murya a WhatsApp yana cewa a latsa na sama kawai, saƙon ya bi Kano ya bi Katsina ya dawo Kurni. Alhamis da azahar, da aka rufe, mutum ɗari huɗu da goma sha biyu.

Amma tun Alhamis da safe Alhaji Gambo ya buɗe wayarsa don nuna wa wani baƙo kansa, bai ga kansa ba. Ya tafi wurin Alhaji Zainulabidin a fusace.

"Wata guda ina sama, yau an cire ni!"

"Kana sama a ina?" in ji shugaba. "Ni ne a sama tun ranar farko."

Suka dubi juna. Aka kira na uku, shi ma ya rantse shi ne a sama. Kafin la'asar duk taran sun gane abin da aka yi masu, kuma kowa ya gane sauran takwas sun gane cewa shi ma ya ja Injiniya gefe.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci kwamiti ya zauna. A karon farko cikin shekara goma sha ɗaya ba a yi jayayya a bakin ƙofa ba. Amatullahi ta kai shayi, ta fito ta zauna a benci, ƙofar kuwa ba ta rufuwa sosai.

An fara da wasiƙar mutanen furoje, waɗanda suka yaba wa tarayyar bisa yawan rajista. Alhaji Zainulabidin ya ce wannan ya tabbatar da abin da ya faɗa ranar buɗewa, aka yi wa Injiniya godiya. Munkaila ya sunkuyar da kai cikin tawali'u, ya ce shi dai ya yi iyakar ƙoƙarinsa don kowa ya sami mutuncinsa, har wani ya shiga aikinsa ba izini.

"Ai kai ka san darajar manya," in ji Alhaji Gambo. "Wata guda babu wanda ya ji haushin wani."

Abdulrazak ya yi gyaran murya. "Amma dai manoman sun..."

"Kai da aka ɗora a samanmu, dole ka ce haka," in ji Alhaji Gambo.

Aka kaɗa ƙuri'ar sallamar Amatullahi, tara ba ko ɗaya, har da Abdulrazak.

Alhaji Zainulabidin da kansa ya fito ya miƙa mata takardar godiyar, an buga mata hatimi biyu. "'Yata, kina da ƙoƙari, kowa ya shaida. Saura ladabi, shi kuma ba a jami'a ake koyonsa ba. Allah ya ba ki inda ya fi nan."

"Amin, Alhaji. Na gode."

Ta shiga buro ɗaukar kayanta. Munkaila na zaune ya soka kile, ɗan abin ajiyar fayiloli, a ordinata, yana dawo da tsofaffin fayilolinsa guda tara kamar yadda aka umarce shi. Ta hango layi na goma ta saman kafaɗarsa, da 127.0.0.1 ɗinsa a ƙarƙashi, lafiya lau. Furojen ya ce watan gobe za a buɗe zagaye na biyu.

"Injiniya, liyan ɗin rajistar..."

"Yana buɗewa," in ji shi, ya latsa ya nuna mata.

Ta ajiye makullin buro kusa da butar shayi, ta cire fankarta daga soket, ta naɗe wayar a hannu. Munkaila ya ɗago kai da ya ji iskar ta tsaya.

"Da ita za ki tafi?"

"Tawa ce."

Ta rungume ta a ƙugu, ta bi gefen titi zuwa gida, tana kauce wa amalanken rake da ke shigowa kasuwa.