Ramin Bayan Gidan Yaya Kazimir

Yayana Kazimir Yurkanin mahaƙin kwal ne, kamar ubanmu da kakanmu. Da aka rufe rami na ƙarshe a garinmu Tully Run, ya fito da huhu cike da baƙar ƙura, daga baya likita ya haɗa shi da tukunyar iska mai tayoyi wadda yake ja duk inda za shi. Matarsa Helenka ta rasu. 'Yarsa ɗaya tilo, Paulette, tana aikin jinya can Carolina ta Arewa. Saura ni Loretta, autar gidanmu, da nake zaune a saman tudu kusa da coci.

Ni na yi jinyar uwarmu. Na yi jinyar mijina har Allah ya karɓi abinsa. Ban gama sauke numfashi ba sai ga Yaya Kaz. Kullum da safe in gangaro da kwanon abinci, in duba robar da ke hancinsa, in share, in wanke, in saurari mita, sannan in hau tudu da gwiwar da ta daɗe da daina yi mini biyayya. Ba wanda ya ce dole ne. Ba kuma wanda ya ce in bari.

Wata Talata, bayan ƙanƙara ta narke an kuma yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, ina soya masa ƙwai sai muka ji ƙara kamar an juye tifar tsakuwa. Kofuna suka yi rawa a kan kanta. Na leƙa ta tagar baya, na nemi garejinsa na rasa. Inda yake a da sai wani rami mai faɗi, bakinsa yana ta zubewa a hankali, igiyar shanya tana lilo a ciki.

Babu mota a garejin. Duwatsu ne a ciki. Tun yana saurayi, in ya fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa ya ga hoton ganye a jiki, sai ya jefa a kwanon abincinsa ya taho da shi. Ya yi musu kantoci har rufi, wasu kamar gashin tsuntsu, wasu kamar ɓawon itace mai zane. Helenka ta sha cewa ta auri mutum ɗaya da tsakuwa dubu.

Ya taso yana jan tukunyarsa, ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallo. Ina jira ya yi kuka ko ya yi zagi.

"Auta," in ji shi, "ƙwan nan zai ƙone."

Kafin rana ta yi tsaka 'yan kwana-kwana sun kewaye wurin da kirtani. Maƙwabtansa na hagu da dama suka kwashe abin da za su iya, suka tafi wajen 'ya'yansu. Washegari jiha ta turo injiniya, wata matashiya mai suna Renee Tomcavage, da takalmanta duk laka. Ta shiga ɗakin ƙasa, ta zagaya, ta dawo ta zauna a teburin kicin ta yi mana bayani. Layin nan gaba ɗaya a kan tsofaffin hanyoyin rami yake, ginshiƙan kwal da aka bari don su riƙe rufin kuma an ƙwaƙule su tun da daɗewa. Yaya ya gyaɗa kai. Ya ce ai ya sani, da hannunsa a ciki, a lokacin abin da aka ce su yi ke nan. Ta ce kakanta ma haka.

Dutse guda ne ya tsira, wanda yake tokare taga da shi. Renee ta ɗauka ta juya shi a haske, ta ce ta daɗe ba ta ga mai kyau haka ba, na zamanin Pennsylvanian ne sak. A bakinmu kalmar ɗaya ce. Da ita ake kiran ɗan jiharmu, da ita kuma masana suke kiran wancan tsohon zamani da kwal ɗin nan yake kurmi ne tsaye a cikin fadama. Yaya ya san haka, sai ya ga ya samu makami.

"To kin gani, 'yar nan, ni da shi sunanmu ɗaya. Shekara miliyan ɗari uku yana kwance a nan, ba wanda ya ce masa ya tashi."

"Baba, ai ku kuka tashe shi," in ji ta.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ƙara masa iska. Da ya dawo hayyacinsa ta faɗa masa abin da ya kawo ta: gidan ba ya zaunuwa, ya kamata ya fita cikin makon nan. Ya ce ya ji. Ya ce ta gaida iyayenta. Da ta fita ya sa na mayar da dutsen jikin taga.

Daga nan aka shiga lallashi. Paulette ta yi ta bugo waya, in ta gama da ubanta ta dawo kaina: Gwaggo ki yi masa magana, Gwaggo ke kaɗai yake ji. Ta ce ta gyara masa ɗaki a ƙasa, babu matakala, ga asibiti kusa. Ya ce shi ba zai je ya mutu a inda ba a san sunan ubansa ba. Fada, limamin cocinmu, ya zo, ya sha kofi, ya tafi. Renee ta dawo har sau nawa, kowane zuwa da sabon awo, kowane awo ya fi na baya muni. Ƙofar bayi ta daina rufuwa. In ka ajiye tuffa a ƙasan kicin sai ta gangara da kanta zuwa gindin firij. Yaya ya ce hakan ma ya fi, ba sai ya tashi nema ba.

Ni kuwa na ci gaba da zuwa. Ina wanke kwanuka kunnena yana ƙasa.

Wata safiya na sauka ɗakin ƙasa da kayan wanki. Tsagar da ke bango, wadda a da ba ta wuce zare ba, ta buɗe har hannuna zai shiga. Wata iska mai sanyi tana fitowa daga ciki, da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na zauna a kan matakala da kwandon a cinyata. Ba tsoro ne kawai ba. Ji na yi kamar an zare wani abu daga bayana, na kasa ko ɗaga kwandon. Na daɗe a wurin. Ina jin talabijin ɗinsa a sama, ana ta tallan katifa.

Na bar wankin a nan na hau. Na tsaya a gabansa har sai da ya rage murya.

"Yaya, ba zan sake shigowa gidan nan ba."

"Wa ya taɓa ki kuma?"

"Ba wanda ya taɓa ni. Na binne Mama, na binne mijina Gene. Ba zan tsaya ƙasa ta binne ni ina wanke maka safa ba. Ɗakina na gaba yana nan. In ka ga dama ka zo."

Ya ce dama tun ina ƙarama matsoraciya ce ni, ko kazar maƙwabta sai ta kore ni. Na ce haka ne. Na jera masa magunguna, na nuna masa gwangwanayen miya, na ɗauki jakata.

Da na isa gida na buga wa Paulette na faɗa mata. Ta ce za ta nemi hutu. Na kwanta a kan kujera da takalmana, ban farka ba sai yamma. Washegari ma barcin na yi. Nakan tsaya a taga in hangi rufin gidansa daga sama, in ga yana nan, in koma in zauna. Wayar tana kusa da ni. Bai bugo ba, ban buga ba. Mu Yurkanin duk haka muke, in ana rabon taurin kai sau biyu muke shiga layi.

Ranar Asabar da rana ina naɗe niƙaƙƙen nama da shinkafa cikin ganyen kabeji, halupkin da na saba kai wa coci, sai na ji wani ƙiiƙii a kan titi, ya tsaya, ya sake tashi, ya tsaya. Na goge hannu na buɗe ƙofa. Yaya Kaz ne a ƙasan matakalata, hannu ɗaya a kan tukunyar iska, ɗaya riƙe da ledar burodi cike da magunguna. Tudun da ni mai lafiya nake hutawa a tsakiyarsa, shi ya hawo. Leɓɓansa sun yi shuɗi. Ya zube a kan matakala yana jan numfashi kamar zuga-zugi.

Na zauna kusa da shi. Da ya samu iskar magana ya ce, "Auta, me kika dafa?"

A cikin bazarar nan katafila ta rushe gidansa da na maƙwabta biyu, motoci suka yi ta ɗura siminti a ƙarƙashin layin. Renee ta sa an fito mana da abin da za a iya fitarwa. Yaya bai je kallo ba. Ranar ya ce in rufe labule, hasken yana damunsa.

Zamanmu tare bai yi daɗi ba, ba zan ɓoye ba. Talabijin tun safe, tari, mita a kan gishiri, mita a kan yadda nake ninke masa riga ba kamar Helenka ba. Mun koma faɗa irin na ƙuruciya, a kan wa ya cinye ƙarshen burodi. Wani lokaci kuma yakan ba ni labarin Baba da ban taɓa ji ba, in manta da gajiyar na ɗan lokaci.

Wajen ƙarshen zafi, ina ɗauko sabuwar tukunyar iska daga baranda, gwiwata ta lanƙwashe na faɗi a bakin ƙofa. Ya taso ya kama hannuna ya ja, ya sake ja, numfashinsa ya ƙare, shi ma ya zame ya zauna daɓas. Muka zauna a ƙasa mu biyu, tsofaffi, kowa yana kallon ɗan'uwansa, har mai kawo wasiƙu ya zo ya ɗaga mu ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma ina kwance da ƙanƙara a gwiwa na ji shi a kicin yana danna waya da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Paulette, zo ki ɗauke ni. In na ƙara wata guda a nan sai na kashe gwaggonki."

Ta zo lokacin da ganyen itatuwa ya fara ja. Muka cika motarta da kayansa. Na yi masa halupki na hanya. Da zai shiga ya dafa kafaɗata, na ɗauka sallama zai yi, ashe neman abin dogarawa yake. Ya ce in je a duba ƙafar nan, kada in tsaya taurin kai. Paulette ta yi dariya ta ce kun ji mai magana.

An yi mini aikin gwiwar lokacin sanyi. Yanzu ina tafiya da sanda, ina kuma tashi lokacin da na ga dama. Duk Lahadi bayan coci yakan bugo. Ya ce burodinsu kamar auduga, ƙasarsu ja ce kamar an zubar da jini, mutanen kuma sun cika murmushi ba dalili. Paulette ta ce numfashinsa ya ɗan yi sauƙi, har ya yi aboki, wani tsohon direban tirela da suke buga karta. Shi bai taɓa ambatarsa ba. Suna ta cewa in zo in yi bikin Ista tare da su. Hanyar da nisa, na ce zan gani.