Aksul a Kife

Ranar da ruwan kogin Hadejia ya fara lasar bakin jinga, ranar ce aksul ɗin baya na tsohuwar a-kori-kurar Hamman ya ga damar karyewa. Buhu talatin na shinkafa shanshera na jibge a gonarsa cikin fadama, wajen Kirikasamma, kuma abincin gidansa ke nan na shekara. Masunta sun ce da wuya jingar ta kai magariba.

Da sassafe ya samo aksul ɗin wata mota daban wurin 'yan gwangwan a Hadejia. Makanikan gari duk suka ce sai jibi. Dole ya kai wa amininsa Umara, wanda gwani ne ƙwarai, amma a gyaran injin ban-ruwa. Shi kuwa Umara tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa bai iya ba. Ya auna da igiya, ya ga mazaunin sifirin bai dace ba, ya yi ta jujjuya ƙarfen har ya zauna, ya bi shi da walda.

Bayan azahar Hamman ya yi bisimilla, ya sa giya ɗaya. Mota ta zabura da baya, ta kwantar da dangar gidan Umara.

"Umara! Me ka yi mini?"

Umara ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe, ya taso yana sosa ƙeya. "Wallahi a kife na ɗaura shi. Ba ni awa huɗu."

"Kogin ne zai ba ka awa huɗu?"

Hankalin Hamman ya tashi, kamar ya ɗora hannu a ka. Can ya ce a ransa, in giyar gaba baya take kaiwa, bari a tambayi ta baya. Ya sa ribas. Mota ta yi tari, ta taka gaba.

Haka suka nufi fadama shi da Umara, a ribas ɗin da ba ya sauri, masu keke na wuce su suna yi musu sannu. Hamman dai sai tsaki. A mashigar fadama suka iske motoci biyu sun kafe. Da gudu suka shigo, tayoyinsu suka haƙa wa kansu rami. Tasa kuwa, da ko ta so sauri ba ta iyawa, ta ratsa taɓon a hankali kamar saniyar noma.

Sawu biyu suka yi. A na biyu ruwa ya riga ya hau hanya, yana wanke tayoyi. Da suka sauke buhun ƙarshe a kan tudu, Hamman ya kifa goshi a sitiyari, yana ta alhamdulillahi. Wani sanyi ya ratsa zuciyarsa, har ya ji dariya na neman ƙwace masa.

"Kawo in juya maka shi yanzu," in ji Umara a hankali, bai yarda sun haɗa ido ba.

Hamman ya waiwaya fadama. Maƙwabtan gonarsa na tsaye kan buhunansu, suna ɗago masa hannu.

"Kar ka kuskura ka taɓa shi. Hau mu koma."